Jan layin da Ingila ta ja wa Najeriya: kare lafiya ne ko wariya?

Litinin, 13 ga Disamba, 2021

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri in na yi tsawo, zuciyata ce ta cika. Yau kwanan Abba biyar a kulle a ɗakin otal kusa da filin jirgin Heathrow. Kun san ta'aziyyar Hajiya Babba ce ta kawo shi gida, yana shirin komawa makaranta aka wayi gari Ingila ta ja wa Najeriya jan layi tun daga ranar 6 ga wata, wato ta saka mu a jerin ƙasashen da duk wanda ya fito daga cikinsu sai an killace shi a otal saboda korona. Fam 2,285 muka biya na kwana goma, sama da naira miliyan ɗaya ko da a canjin banki. Sarƙata da 'yan kunnena na gwal na kai kasuwa, na haɗa da kwasar adashin da nake jira tun bara. Yaron nan ya yi rigakafi biyu, kuma a can Ingila aka yi masa. Ya yi gwaji kafin ya tashi, ba shi da komai, an sake yi masa a kwana na biyu, ba shi da komai. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa a ƙwanƙwasa a tafi, tagar ɗakin ba ta buɗuwa, in zai sha iska sai mai gadi ya raka shi. Ni dai na ce wannan ba kare lafiya ba ne, wariya ce, don mu baƙaƙe ne. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya fahimtar da ni.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya fito da shi lafiya. Ai ba ki faɗi komai ba sai gaskiya. Ƙasashe 11 ne a jerin nan, ki duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ba ta Afirka ba. Jakadanmu na Landan da bakinsa ya kira abin wariyar tafiye-tafiye.

Yaya Likita: Anti, Allah ya san na ji miki, kuma kuɗin nan ya yi yawa ko ga mutumin can. Amma ina roƙon mu raba abu biyu: killace matafiyi daban, yadda aka zaɓi wanda za a killace daban. Killacewa ita ta cece mu a 2014. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar Ebola daga Laberiya. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta kashe ta. Aka bi duk wanda ya yi hulɗa da shi ana sa masa ido kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka kashe wutar. Da an ce tsare shi wulaƙanci ne an sake shi cikin Legas, da yanzu wani labarin ake yi. Su Ingila sun ce sun samu mutum 21 masu sabon nau'in korona, wato Omikron, da ke da alaƙa da tafiya daga Najeriya. Gwamnatin da ta ga haka ta naɗe hannu, mutanenta ba za su yafe mata ba.

Maman Ilham: To Likita, mutum 21 ne za su sa a hukunta mutum miliyan 200?

Anti Nas: Yaya Likita, bari ni da nake cikin garin in sa baki. Daga aikin dare na dawo, ƙafafuna ko takalmi ba sa shiga. A ranar da dokar ta fara aiki, ministan lafiyarsu Sajid Javid ya tsaya gaban majalisa ya ce Omikron tana yaɗuwa tsakanin mutanen da ba su je ko'ina ba a sassa da dama na Ingila. To me ya rage? An rufe ƙofa da ɓarawo ne. Nan kullum ana samun masu korona wajen dubu 50. Abin da suke ƙirgawa a kwana biyar ya fi duk abin da Najeriya ta ƙirga tun farkon annobar. Kuma ka shiga mashaya ko filin ƙwallo ka gani, cike suke maƙil. Wanda ya taso daga Holan, inda aka gano cewa nau'in yana cikin samfurin da suka ɗauka tun 19 ga Nuwamba, kafin Afirka ta Kudu ma ta sanar da duniya ranar 24, gidansa zai wuce ya yi gwaji ya jira sakamako. Abba kuwa sai otal. In cutar ake gudu, me ya bambanta su?

Yaya Likita: Kan Holan ba ni da ta cewa, kin fi ni gaskiya. Kuma abin da aka yi wa Afirka ta Kudu ya fi komai tayar mini da hankali a matsayina na ma'aikacin lafiya. Masanansu suka gano nau'in, suka faɗa ba ɓoye-ɓoye, sakayyarsu ita ce a rufe musu hanya cikin kwana biyu. Gobe wata ƙasa ta ga sabon abu a ɗakin gwajinta, sai ta yi tunani sau biyu kafin ta buɗe baki.

Amma batun alƙaluma, kada mu ruɗi kanmu. Ƙarancin adadinmu na ƙarancin gwaji ne. Duk gwajin da aka yi a ƙasar nan tun Fabrairun 2020 bai kai miliyan 4 ba. Ina Kano a watan Afrilun bara. Na ga makon da masu haƙar kabari suka gaji, na ga dattawan da aka kawo mana numfashi na sarƙewa, kafin a samu mai ɗaukar samfuri sun cika, an yi musu sutura an kai su. Daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 ne suka rasu a wannan tsakanin, kuma ana jin rabi ko fiye korona ce. Yawancinsu ba su shiga lissafin da muke tinƙaho da shi yanzu ba. Wanda yake waje yana kallonmu ya san da wannan.

Auta: Yaya ni fa har yanzu ban yarda akwai wata Omikron ba. Duk lokacin da kasuwar rigakafi ta yi sanyi sai a fito da sabon suna.

Yaya Likita: Auta, mahaifin abokinka da muka yi wa salla a azumin bara, ni na riƙe masa robar iskar numfashi. Kada ka sake faɗin haka a inda iyalansa za su gani.

Auta: Allah ya ba da haƙuri Yaya. Allah ya jiƙansa.

Kawu Liman: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. 'Yata Maman Ilham, Allah ya mayar miki da alheri. Asalin hana shiga da fita lokacin annoba ba Bature ne ya kawo shi ba. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya kai Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Amma ku lura da wanda ya juya: Sarkin Musulmi ne da kansa. Hukuncin bai ware talaka ya bar mai mulki ba, bai ware wata ƙabila ba. Kuma fuska biyu gare shi, kada a shiga, kada a fita. Ƙasar da annoba ta fi ƙamari a cikinta, in da hadisin za a bi, mutanenta ne ya kamata su fara zama a gida. Ni ban ga an yi haka ba. Jiragensu na sauka Abuja da Legas kullum.

Alhajin Kwari: Allah ya gafarta Malam, to ai Saudiyya ma ta bi sahu, tun ranar 8 ga wata ta dakatar da jiragenmu. Ni wannan ya fi ci mini rai. Hajjin 2020 ba mu je ba, na bana mutum dubu 60 mazauna can kawai aka bari. Mahaifiyata shekara biyu kuɗinta na ajiye, kullum sai ta tambaye ni ko an buɗe. Na ce bari in kai ta Umara ko hankalinta ya kwanta, an buga biza, ta ɗinka fararen kayanta, ta yi sallama da maƙwabta, sai ga wannan. Jiya na same ta ta buɗe jakar tana sake ninke kayan. Shi ya sa na ji daɗin maganar ministan jiragen sama Hadi Sirika, da ya ce mu ma za mu hana jiragen Ingila da Kanada da Saudiyya da Ajantina shigowa. A rama kawai. Wanda bai san darajarka ba, nuna masa kai ma kana da ƙofa.

Kawu Liman: Alhaji, Saudiyya ba yau ta fara ba. A 1996, shekarar sanƙarau, an hana 'yan Najeriya aikin Hajji, muna ji muna gani. Mun yi baƙin ciki, amma cutar a gidajenmu take a lokacin, muna binne yara. Wancan na fahimce shi. Na yanzu ne ban gane ma'auninsa ba. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata niyyarta tana rubuce.

Anti Nas: Alhaji, don Allah a bar maganar ramuwa. In an hana jirgin Landan sauka, wa ke cikinsa? Mu ne. Ɗalibai ne da ma'aikatan asibiti da masu zuwa ganin iyaye a hutun ƙarshen shekara. Shekarata uku ban ga Inna ba. Baturen da kake son ya ji a jikinsa ba shi da abin da zai zo yi Kano a Disamba.

Yaya Likita: Kuma kafin mu rama, mu tuna namu. Laifi tudu ne. A watan Mayun bana gwamnatinmu ta hana baƙin da suka bi ta Indiya da Brazil da Turkiyya shigowa, ɗan ƙasa kuma da ya fito daga can sai ya yi kwana 7 a killace a inda gwamnati ta amince, da kuɗin aljihunsa. A watan Yuni aka ƙara da Afirka ta Kudu. Ban ji wani a cikinmu ya kira shi wariya ba. Sannan almajiran da gwamnoni suka riƙa lodawa a motoci bara ana mayar da su jihohinsu, ana tsakiyar dokar hana zirga-zirga, wasu aka gwada su a Kaduna aka same su da cutar. Waɗannan yaran ba su da jakadan da zai yi magana a kansu.

Ɗan Maraɗi: Likita ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba don cuta ba ma, don shinkafa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar bara, ta Jibiya har yau shiru. Gwaggona tana Katsina, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba. Mai kuɗi ya hau jirgi, talaka ya hau babur ya bi daji, ba gwaji ba takarda. Rufe hanya ba ya hana mutum wucewa, sai dai ya hana a san ya wuce.

Maman Ilham: Duk na ji. Likita, na yarda mu ma mun yi, kuma abin da aka yi wa almajirai zalunci ne, na faɗa tun a lokacin. Amma ka amsa mini abu ɗaya tsakaninka da Allah. A ilminka na likita, kulle Abba a ɗakin nan ya hana wani mutum ɗaya kamuwa a Ingila?

Yaya Likita: Tsakanina da Allah, Anti, a'a. Da a ce a makon farko ne, kafin nau'in ya bazu, kuma aka yi wa kowa daga ko'ina, zan kare dokar, don tana iya saya wa asibitoci 'yan kwanaki su shirya. Yanzu ihu ne bayan hari. Gwaji kafin tashi, gwaji bayan sauka, da zama a gida har sakamako ya fito sun wadatar a kansa. Inda har yanzu ban bi ki ba shi ne cewa launin fata ne kaɗai dalili. Ni a ganina sun duba wanda za su rufe wa ƙofa ba tare da sun yi asarar komai ba, sai suka ga mu ne. Ga kuma rigakafi: waɗanda suka yi cikakke a ƙasar nan ko kashi 5 cikin 100 ba su kai ba, wanda ake aiko mana ma wani yana zuwa ne wa'adinsa ya kusa ƙarewa.

Maman Ilham: To wanda aka zaɓa don ba a jin tsoron ɓacin ransa, ni ban san sunan da za ka ba abin ba in ba wariya ba.

Talata, 14 ga Disamba, 2021

Anti Nas: Jama'a, yanzu Sajid Javid ya sanar a majalisa. Daga ƙarfe 4 na asubahin gobe Laraba an cire duka ƙasashe 11 daga jerin. Ya ce tunda Omikron ta riga ta yaɗu a cikin gari da sauran duniya, dokar ba ta da tasirin da take da shi.

Alhajin Kwari: Kwana tara ke nan. Saura Saudiyya. Ban gaya wa Hajiya ba tukuna, kada ta ɗauka har da mu.

Maman Ilham: Na kira Abba, ya ce su ma a talabijin suka gani, ba wanda ya zo ya ce musu komai. Ya tambayi mai gadin benensu ko gobe za a sake su, da kuma batun kuɗin sauran kwanakin, ya ce masa ya koma ɗaki ya jira. Anti Nas, don Allah in kin tashi daga barci ki kira shi, muryarsa ba ta yi mini daɗi ba.