Don Allah a taimaka: ɗan tsako ya huda ɓawo tun jiya amma ya kasa fitowa

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah wanda ya san harkar injin ƙyanƙyasa ya duba min wannan, tun jiya ban runtsa ba.

Ni dai kajin gida nake kiwo a nan Zariya, tun ina gidanmu nake yi. Bara da sanyi annobar kaji ta shigo unguwarmu ta share min akurki, kaza huɗu da zakara ɗaya suka tsira. Ga shaho ga muzuru, kaza ta ƙyanƙyashe goma da ƙyar take raya uku. Shi ne da na kwashi adashe na haƙura da sayen komai, na ba ƙanina ya sayo min ɗan injin nan mai cin ƙwai 56, mai juya ƙwan da kansa. Maigidan bai so ba, ya ce gara in ƙaro kaji da kuɗin. Surukata ma ta ce tunda take ba ta taɓa ganin akwati ya yi kwanci ba, kullum ta shigo sai ta tambaya ko 'ya'yan akwatin sun fito. Wallahi idan abin nan ya lalace ban san da idon da zan kalle su ba.

Yau kwana 21. Jiya da la'asar na ji kukan tsako a ciki, na leƙa na ga ɗaya ya huda ɓawon, ina ganin bakinsa yana motsi. Har yanzu bai ƙara komai ba. Da asuba biyu suka huda. Sauran shiru. Na ɗauko na farkon na duba, tantanin ciki ya yi fari ya ɗame. In ɓare masa ne? Ko ya zan yi?

Anti Mai Zabi:
Wa alaikumus salam. Allah sarki 'yar uwa, Allah ya fito miki da su lafiya. Amma kin tabbata ƙwan masu zakara ne? Ni da damina aka sayar min da ƙwan zabi a kasuwa, mutumin har da rantsuwa, rabi duk baragurbi. Sauran kuma wani ya ce min ai kwana 21 ne, da suka wuce na kwashe na zubar. Sai daga baya na ji ƙwan zabi yana kai kwana 26 zuwa 28. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don da na fasa ɗaya akwai ɗa a ciki.

Baban Gona:
Hajiya, cire hannunki daga injin nan yanzun nan. Rufe shi, ki fita daga ɗakin. Na daɗe ina ƙyanƙyasa, kuma abin da ya fi kashe 'yan tsaki a kwanakin ƙarshe shi ne hannun mai su.

Daga kwana na 18 ba a buɗe inji, ba a juya ƙwai. A lokacin ne tsakon yake gyara kwanciya, ya kai baki wajen iskar da ke gefen ƙwan mai faɗi. Ya fara shaƙar wannan iskar, shi ne kukan da kika ji. Sannan ya huda ɓawo. Bayan ya huda sai ya huta, yana iya yin awa 12 har 24 bai sake komai ba. Ba gazawa ba ce. Gwaiduwar ƙwan yake janyewa cikin cikinsa ta cibiya, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin kuma suna ƙafewa. Kika ɓare kafin ya gama, jini zai zuba ya mutu a hannunki.

Abu na biyu, hunturu muke ciki. Iskar ɗakinki a bushe take ƙayau. Duk buɗewar da kika yi, danshin ciki ya gudu, tantanin ya bushe ya manne masa. Shi ne farin da kika gani.

Ki faɗa min: zafi nawa injin ke nunawa? Danshi nawa? Zafi ya tsaya digiri 37.5. Danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Kuma yaya wuta a unguwarku?

Maman 'Yan Biyu:
Baba na gode. Amma ai ba wasa nake da shi ba, dole ce ta sa na buɗe. In ban buɗe ba ta ina zan zuba ruwa? Kuma ina jin yana kuka, wa zai iya zama yana kallo? Zafin yana 37.6. Danshin yana nuna 48, wani lokaci 52. Takardar da ta zo da injin ba da Hausa take ba, ƙanina ne ya saita min kuma ya koma makaranta.

Baban Gona:
48 a kwana na 21, a cikin hunturu? To ga matsalarki nan. Ki duba gefen injin ko ƙasansa, yawancinsu suna da 'yar ƙofar zuba ruwa daga waje. Ki cika duk kwatamin da ke ƙasa da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. In babu ƙofar, ki buɗe sau ɗaya tak, ki saka soson katifa mai tsabta da kika jiƙa, ki rufe da sauri. Faɗin saman ruwan ne ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Kuma kar ki toshe hujojin iska da sunan riƙe danshi, yanzu suka fi buƙatar numfashi. Ba ki ba ni amsar wuta ba.

Ɗan Funtuwa:
Hajiya ga hanya mai sauƙi. Ki sami ruwan ɗumi a roba ki tsoma waɗanda suka yi shiru ɗin. Wanda ke da rai za ki ga yana rawa a saman ruwan, wanda ya mutu zai tsaya cik. Haka nake yi. Sai ki cire matattun kar su fashe su ɓata sauran.

Baban Gona:
Kar ki yi. Malam, mace na fama da bushewa kana cewa ta kwaso ƙwan waje? In akwai wanda ya tsage ba ta gani ba, ruwa ya shiga, ta kashe shi. Wanda ya ruɓe hancinta zai gaya mata.

Ɗan Funtuwa:
To Baba ni dai na yi kuma sun fito. Ba kai kaɗai ke da inji ba.

Abu Sudais:
Maganar wuta ita ce gaskiya. Mu nan taransifomarmu ta ƙone, aka bi gida-gida aka karɓi kuɗin gyara, har yau shiru. Ƙwai cike da inji na yi asara, ga kuɗin man janareto da na ƙona a banza. Duk wanda zai sayi inji bai da sola da batir, wallahi ya ajiye kuɗinsa. Kuma masu sayar da injin ba sa gaya maka wannan, su dai su karɓi kuɗi.

Maman 'Yan Biyu:
Wutarmu ba ta kai taku lalacewa ba. An ɗauke dai, akwai ranar da ta wuni ba ta dawo ba a sati na biyu, amma na lulluɓe injin da bargo na sa gorunan ruwan zafi a gefe. Ƙwan ba su yi sanyi sosai ba, na taɓa na ji. Sola kuma ina na ga kuɗinta? Da abin da nake da shi na fara.

Inna Ta Gari:
'Yata, ni ban san inji ba, amma na yi kiwon kaji tun kafin a haife ki. In tsako ya maƙale mukan sa farce mu ɗan ɓare masa, mu mayar ƙarƙashin uwar. Da yawa sun rayu. Kar ki bari ya mutu kina kallo. Ko kuma in akwai kaza mai kwanci a maƙwabta, ki kai mata da daddare.

Ɗalibar Dabbobi:
Salam Anti. Baba yana da gaskiya kan danshi da rufe inji, amma maganar Inna ma ba a yar da ita ba. Ana taimaka wa tsako, sai dai da sharaɗi. In ya cika awa 24 da hudawa bai fara zagaye ɓawon ba, kuma tantanin ya bushe, za ki iya wanke hannu ki ɗan ɓalle ɓawo kaɗan a wajen hujin, ɓawo kawai. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa wa tantanin, kar ruwa ya taɓa hancinsa. In ya jiƙe za ki ga cikinsa. Kika ga jajayen jijiyoyi, bai shirya ba, ki mayar da shi ki ba shi wasu awanni. Kika ga jini, ki tsaya nan take.

Wuta kuma da ta wuni a ɗauke tana jinkirta ƙyanƙyasa, don haka masu shirun ki ba su har kwana 23. Sannan ya kika ƙirga? Ranar da aka zuba ƙwai ba a ƙirga ta ɗaya sai ta zagayo. Wataƙila ma yau kwana 20 kike. Kin haska su da tocila a kwana na 7 ko na 10 kin cire marasa ɗa?

Maman 'Yan Biyu:
Ban haska ba, an ce min hasken yana cutar da su. Ranar Juma'a da yamma na zuba 28. Akwai kuma wasu 12 na maƙwabciyata, ta kawo bayan kwana biyar na ƙara a ciki. Shi ya sa ma ban kashe mai juyawar ba, tunda nata ba su kai ba.

Baban Gona:
Innalillahi. Hajiya, wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa, ba labarin adashe ba. Wato har yanzu injin yana juya ƙwan da suka huda? Kashe shi. Cire tiren juyawar, ki shimfiɗa ƙwan a kwance a kan ragar ƙasa. Tsako ya fito a kan tire mai motsi ƙafarsa za ta maƙale ta karye. Ba a haɗa ƙwai masu kwana daban-daban a ƙaramin inji ɗaya, don buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Kuma tocila ba ta cutar da ƙwai, wanda ya gaya miki bai sani ba.

Maganar ɓarewa kuma ni ban yarda ba, ko awa 24 ko 30. Tsakon da bai iya fitowa da kansa ba yawanci rago ne, ko ya fito ba ya yin ƙwari. Ɗaliba, abin da kuke karantawa daban, hannun wadda ba ta taɓa yi ba daban.

Maman 'Yan Biyu:
Baba ka yi haƙuri amma ba gangan na yi ba. Inji yana cin wuta ga gurbi a buɗe, maƙwabciya ta roƙe ni, in ce mata a'a? Ita ce ke riƙe min yara in zan je asibiti. Kuma yanzu ka ce kar in buɗe, yanzu ka ce in cire tire. Wanne zan ɗauka? In na daina juyawa nata suka mutu me zan ce mata?

Ɗalibar Dabbobi:
Buɗewa ɗaya ce Anti, ki yi komai a cikinta: cire tire, saka soso, sa wa na maƙwabciyar alama da fensir. Nata suna wajen kwana 15 ko 16, juyawa ta fi muhimmanci a makon farko da na biyu, in an daina yanzu yawanci ba sa samun matsala. Wanda ya fito kuma ki bar shi a ciki ya bushe, gwaiduwar da ya janye za ta riƙe shi kwana ɗaya zuwa biyu ba ci ba sha. Ki shirya musu kwali mai ɗumi, wajen digiri 32 zuwa 35 a makon farko.

Anti Mai Zabi:
Ni dai harkar haɗa kaya da maƙwabta na daina. Tawa har yau ba ta gaishe ni saboda zakara ɗaya da ya ɓace a wajena.

Maman 'Yan Biyu:
Alhamdulillah ɗaya daga na asuban ya fito da kansa, yana ta tangaɗi a kan sauran ƙwan. Na cire tiren, danshin ya hau 63. Na farkon kuma na yi yadda Inna da ɗalibar suka ce, na ɗan ɓare, sai na ga ɗigon jini kaɗan na mayar. Yana numfashi amma kukan ya ragu. Ai da na bar shi tun jiya ma wataƙila da ya mutu. Yanzu in sake gwadawa da magariba ko in bari sai safe?

Baban Gona:
Na gaya miki kar ki taɓa. Jinin nan shi ne amsarki. Ki bar shi.

Inna Ta Gari:
Kar ki kai safe 'yata, da magariba ki sake dubawa.

Abu Sudais:
Hajiya injin naki yana da wajen haɗa batir ɗin mota? Don in an ɗauke wuta cikin daren nan duk wannan maganar ba ta da amfani.