Mu zauna cikin Shikago ko mu koma wajen gari saboda makarantar yara?

Baban Safiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a jihar nan ta Illinois. Muna haya a unguwar West Ridge cikin Shikago, kusa da titin Devon, kuma hayar za ta ƙare a watan Yuni. Safiya tana aji shida, ƙaninta aji uku, autan bai shiga ba tukuna. Ni aikin dare nake yi a wani asibiti cikin gari, uwargida kuma ba ta tuƙi.

Firamaren da suke yanzu, wadda ake yi har aji takwas, ba ni da ƙorafi a kanta. Da ƙafa suke zuwa, kuma malamar yaron ta san sunana. Sakandare ce ke hana ni barci. Duk wanda na zauna da shi bayan sallar Juma'a sai ya ce in kwashe yara zuwa Naperville ko Skokie tun kafin su girma. Na leƙa shafin GreatSchools mai ba makarantu maki, sakandaren unguwarmu makinta yana can ƙasa, na wajen gari kuwa sun kusa cika goma. Don Allah bambancin ya kai mutum ya ɗauki bashin gida na shekara 30 a kansa?

Maman 'Yan Biyu:
Wa'alaikumus salam Baban Safiya. Mu mun fita, muna yamma da birnin, kuma ba zan ɓoye maka ba, makarantar ta yi. Motar makaranta tana tsayawa a bakin layinmu, akwai wurin iyo, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, yarinyata ko littafi ba ta taɓa rabawa da wani ba. Amma ba kyauta ba ne. Makarantun gwamnati a nan da harajin gida ake riƙe su, kuma Illinois tana cikin jihohin da suka fi tsadar wannan haraji a duk Amurka, New Jersey ce ake yawan sawa a gabanta. Ranar da takardar harajinmu ta fara zuwa, maigida zama ya yi a kan matattakala yana karantawa. Fiye da rabin kuɗin, makarantu ne ke tafiya da shi.

Abin da ya fi tsaya min a bayaninka shi ne Maman Safiya ba ta tuƙi. A nan ko madara za ka saya sai da mota. In an kira daga makaranta an ce yaro yana zazzaɓi, kai kana barci bayan aikin dare, wa zai ɗauko shi? Islamiyya ma sai ranar Asabar muke iya kai su. Ka tambaye ta ita tukuna, ita ce za ta yini a gidan.

Malam Tsohon Alli:
Ɗan'uwa, ni malamin lissafi ne a cikin birnin, don haka ka ɗauki maganata da wannan a ranka. Makin da ka gani ɗin nan yawanci yana bin sakamakon jarrabawa ne, sakamakon jarrabawa kuwa yana bin aljihun iyaye da iliminsu fiye da yadda yake bin ƙoƙarin malamai. Makarantar da ke karɓar yaran da suka sauka daga jirgi jiya ba su jin Turanci, dole makinta ya yi ƙasa ko da tana aikin da ya fi na kowa. Shiga shafin Illinois Report Card na gwamnatin jiha, ka duba yadda ɗalibai ke ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, da yawan masu fashin zuwa, da ko malamai suna daɗewa ko gudu suke yi.

Sannan wasu daga cikin sakandaren da suka fi fice a jihar nan cikin birnin suke: Walter Payton, Northside, Whitney Young, Jones, Lane Tech. Kyauta ne, amma sai da jarrabawa, kuma sai mazaunin Shikago. Ana duba sakamakon yaro na aji bakwai, a haɗa da jarrabawar da zai rubuta a aji takwas. Kashi 30 na guraben na masu maki mafi yawa ne, sauran 70 a raba su tsakanin rukunin unguwanni huɗu gwargwadon ƙarfin mazauna. Wato shekara mai zuwa ce shekarar Safiya. In ka fita yanzu ka rufe mata wannan ƙofar. Ba na yi maka alkawari fa, masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba, kuma in ta samu, jirgin ƙasa ko bas za ta riƙa hawa ita kaɗai da asuba a cikin sanyin Janairu.

Kuma kada a ruɗe ka da cewa wajen gari duk ɗaya ne. Winnetka ta masu kuɗi wajen gari ce, Harvey ta talakawa ma wajen gari ce. Inda gidaje ba su da daraja sai an tsawwala haraji sosai kafin a tara kuɗi kaɗan, talaka ya biya da yawa ya samu kaɗan. An kai irin wannan ƙara har Kotun Ƙolin Amurka daga Texas, a 1973 ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Jiharmu ta sauya dokar rabon kuɗi a 2017 don a fi tallafa wa gundumomi marasa ƙarfi, amma giɓin yana nan.

Ɗan Tasi 773:
Yallaɓai, wa ya ce sai ka sayi gida? Ɗan haya da mai gida makaranta ɗaya yaransu ke zuwa. Skokie tana nan a hancinka, jirgin Yellow Line yana shigowa har tashar Howard a Shikago, kuma Devon ba ta yi muku nisa ba. Sai dai ka kula, a can gundumar firamare daban, ta sakandare daban. Skokie kaɗai gundumomin firamarenta sun kai biyar, wani yankin ma makarantun Evanston, garin da ke maƙwabtaka da ita, yake bi. Kafin ka sa hannu a takarda, buga wa ofishin gunduma ka karanta musu lambar gidan. Kada ka yarda da bakin dillali.

Abu ɗaya kuma: in wani ya ce ka ari adireshinsa kai ka zauna inda kake, ka ce masa na gode. Suna bincike, in sun kama a cire yaro a tsakiyar zango, a kuma aiko maka da takardar biyan kuɗin karatun da ya yi.

Baban Safiya:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Hajiya, na karanta wa Maman Safiya amsarki, dariya kawai ta yi ta ce dama tana jira a tambaye ta. Mun tsayar da cewa za mu sabunta hayar na shekara ɗaya, yarinya ta yi aji bakwai a nan, ita kuma uwar ta fara koyon mota da zarar ƙanƙara ta narke. Ran Talata zan je in ga sakandaren unguwarmu da idona lokacin tashi, gani ya kori ji.

Malam, in ba damuwa, wane irin lissafi ake kawowa a jarrabawar nan, kuma akwai inda ake koya wa yara shirinta ba tare da an biya ba?