Tifa ta take yayana, kawunnai sun ce a yafe: me doka ta tanada?

Ƙanen Mamaci:
Assalamu alaikum. Yayana yana dawowa daga kasuwa a kan babur ɗinsa a hanyar Kano zuwa Zariya, wata tifar yashi ta baro hannunta don kauce wa cunkoso, ta take shi. Nan take rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, babbarsu ko firamare ba ta gama ba. Direban yana hannun 'yan sanda. Mai motar ya aiko 'yan gaisuwa da buhun shinkafa, kawunnanmu kuma sun ce ƙaddara ce, a je a ce an yafe. Ban musa ƙaddara ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Idan mun yafe, shi ke nan za a sallame shi? Su marayun fa?

Lauya Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta ce wanda ya yi tuƙin ganganci har ya jawo mutuwar wani, ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 7. Idan ba a rasa rai ba, tarar naira 50,000 ce ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. Dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka, ita ma ta sa kisa ta hanyar sakaci cikin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa, amma ɗaurinsa na iya yin tsawo ƙwarai.

Wannan ƙara ta gwamnati ce, ba taku ba. Yafewarku tana iya sa alƙali ya sassauta, ba ita ke goge laifin ba. Abin da ke kashe irin waɗannan shari'o'i shi ne shaidu su daina zuwa kotu. Ka nemi waɗanda suka ga abin tun yanzu, ka karɓi rahoton 'yan sanda da takardar shaidar mutuwa. Sannan kuna da damar shigar da ƙarar neman diyya daban a kan direba da mai motar tare, tunda a bakin aikinsa yake. A binciki inshorar motar ko ta gaske ce, domin biyan irin wannan asara aka wajabta ta.

Ɗalibin Fiƙihu:
Allah ya gafarta masa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure: akwai diyya, akwai kaffara. Diyya raƙuma 100 ce ko dinarin zinare 1,000, kuma gado ce da ake raba wa magada. Idan ya bar ɗa namiji, kawunnai ba su da kaso a ciki, to me za su yafe? Matarsa na iya yafe nata rabon, amma haƙƙin ƙananan yara ba mai ikon zubar da shi kyauta. Shi kuwa direba, azumin wata biyu a jere yana kansa ko an yafe masa.

Tsohon Direba:
Ni tirela na ja har ƙarfina ya ƙare. Don Allah kada ku bar mai mota ya zame. Da yawa sawu ake ƙirga wa yaro a biya shi, sai ya kwana biyu bai runtsa ba, birki kuma sai ya tsinke ake gyarawa. Wannan bai wanke direban ba, shi ya zaɓi ya shiga hannun mutane. Amma in shi kaɗai aka ɗaure, gobe wani yaron za a miƙa wa makulli.

Ƙanen Mamaci:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, maza biyu ne a cikin yaran. Zan roƙi limamin unguwarmu ya zauna da kawunnan kafin kowa ya je ofishin 'yan sanda. Barista, ita matar tana takaba, ni zan iya shigar da ƙarar a madadinsu?