Don Allah ya ake maida tarkacen rubutu ya zama abin karantawa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Tun azumin bara nake zama da kakanmu bayan la'asar yana ba ni labarin fataucin da suka yi tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, ni kuma ina ta rubutawa a gurguje, yanzu eksasais uku sun cika ga muryoyi sun fi ashirin a waya. Niyyata in gyara in riƙa saki kaɗan kaɗan saboda 'yan uwa da ke nesa da duk mai sha'awa, to amma duk ran da na buɗe sai kaina ya ɗau zafi, wani wurin ni kaina ba na gane rubutun nawa, wani labarin kuma sau uku ya ba ni shi kowane da kalar da ya zo, sannan tsohon ba ruwanshi da shekara kaza, sai dai ya ce "ina yaro aka yi rasuwar Sarki Dikko" ko "bayan canjin kuɗi da damina biyu". Na gwada taifin ɗin guda ɗaya ya fito kamar rahoton ofis, lami ba gishiri. Ta ina zan kama?

Maman Ummi Daura:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Kar ka ce za ka kwashe eksasais uku a zama ɗaya, nan ake gajiya a watsar. Samu jan biro ka sa ma shafukan lamba, duk inda labari ya fara ka ja layi, sai ka zaɓi ɗaya tak mai kai da gindi ka yi shi, sauran su jira.

Maganar lami kuwa ni ma ta same ni lokacin da nake rubuta abin da gwaggota take tunawa na Sallar Gani. Na gama gyarawa ina jin na burge, na zauna gefen tabarmarta ina karanta mata, da na zo wurin da na sa "mutane da dama sun halarta" sai ta ɗaga mani hannu ta ce ke 'yar nan yaushe na ce haka, cewa na yi ƙofar fada ba masaka tsinke, har ɗan kunnena ɗaya ya faɗi ban sani ba sai da muka koma gida. Ka ga ɗan kunnen yana nan cikin takardata, ni ce na cire shi wai ba shi da muhimmanci, alhali shi ne labarin. To ka gyara maimaici da "yauwa, ka gane ko" amma bakin Baba ka bar mashi abinshi, kuma kafin ka saki ka karanta mashi da ƙarfi, in ya yi tsaki akwai gyara.

Malam Na Rafindadi:
Zancen shekaru ba wuya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu 1944, ɗanshi Usman Nagogo ya gaje shi. Canjin kuɗi ne za ka yi hattara da shi don tsofaffi biyu suke kira haka, akwai na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akwai na 1984 zamanin mulkin soja na Buhari da aka sauya launin takardun naira aka rufe boda, kuma ga mai bin hanyar Maraɗi wannan na biyun ya fi zama a rai. Tambaye shi kawai, lokacin boda a buɗe take ko a rufe? Ka rubuta yadda ya faɗa, shekarar ta biyo baya a matsayin naka binciken. Labarin da ya zo kala uku kuma kar ka dama su wuri guda, ɗauki wanda ya fi cika ka ce wata rana ya faɗe shi daban.

Abba Mai Kwamfuta:
Yaya kafin komai yau ɗin nan ka ɗau hoton kowane shafi ka tura Google Drive tare da muryoyin, ni wayata na kai gyaran caji yaron shagon ya yi mata filashin bai tambaye ni ba, hirar da na yi da kakata duka ta tafi kuma ta rasu bayan wata huɗu. Sannan ka sa Hausa a Gboard don ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ka rubuta ya bata mai karatu ya rasa kyauta aka yi ko mutum ne ya ɓace a daji. Sunayen waɗanda suka ci ma Baba bashi ma ka cire, jikokinsu na nan garin.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Anti, na gode Malam, Abba Allah ya jiƙan kaka, hotuna sun hau tun ɗazu. Na tambayi Baba bayan magariba ya ce boda a rufe, da dare suke bi ta daji da jakuna, daga nan ya ɓalle da labarin wani jakinshi da ya yi kuka daidai inda bai kamata ba, ga shi yanzu na buɗe eksasais na huɗu ban gama da na ɗaya ba. Jakin zan fara saki in sha Allah ranar Juma'a, in ya yarda, don ya ce sai ya ji da kunnenshi tukuna.