An sa mini ranar aikin haihuwa: me zan tarar a ɗakin tiyata, kuma yaya jegon zai kasance?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina ɗauke da ciki na uku, yanzu yana mako na 33, kuma 'ya'yana biyu na farko da kaina na haife su lafiya lau. A awon da na je na baya-bayan nan an sake yi mini hoton ciki, likita ta tabbatar da cewa mabiyiya ta zauna a ƙasa ta rufe bakin mahaifa gaba ɗaya, don haka babu hanyar da jariri zai bi ya fito sai an yi mini aiki, har ma sun sa rana a mako na 37. Na karɓi ƙaddara, maigidana ma ya amince, sai dai cunkoson ranar awo bai bar ni na yi tambayoyin da ke raina ba. Shin idona biyu za a yi aikin ko za a sa ni barci? Kwana nawa zan yi a asibiti, kuma yaushe zan iya tashi in kama harkokina? Abin da ya fi damuna shi ne jego, domin mahaifiyata ta riga ta sa an tara itace, kuma a wurinta mai jegon da ba ta yi wankan ruwan zafi ta sha kunun kanwa ba ta sayi ciwo da kuɗinta. Don Allah wadda ta sani ta yi mini bayani dalla-dalla.

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma a ɗakin haihuwa, zan gaya miki yadda abin yake gudana a yawancin asibitocinmu, amma maganar likitarki ita ce gaba da tawa domin ita ta ga hotonki.

Galibin aikin da aka tsara akan yi shi ne a mako na 39, amma idan mabiyiya ta tare hanya akan matso da shi zuwa mako na 36 ko na 37 don kada naƙuda ta riga likita, saboda buɗewar bakin mahaifa ita ke ɓanɓare mabiyiyar ta jawo zubar jini. Wannan ya sa abin da ya kamata ki fi kula da shi yana kafin ranar aikin ne. Idan kika ga jini, ko ɗigo ne, ko da babu ciwon mara ko kaɗan, ki nufi asibiti nan take, dare ne ko rana, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Kada ki yarda kowa ya sa hannu ya duba ki ta ƙasa, ko ungozomar unguwa ko ma'aikaciyar ƙaramin asibitin da ba ta ga katinki ba, kuma a ɗage saduwa da maigida har sai kin haihu.

Za a gwada yawan jininki da rukuninsa, a nemi ku tanadi jini, sannan a ba ki takardar amincewa. Ki sa a karanta miki ita da Hausa, domin jikinki ne, kuma a cikinta za a ambaci abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba amma wajibi ne a faɗa, har da yiwuwar cire mahaifa idan jini ya ƙi tsayawa ta kowace hanya. Za a hana ki abinci na awa shida zuwa takwas kafin aikin. A safiyar ranar za a sa miki ƙarin ruwa a hannu, a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a kuma sa miki robar fitsari.

Yawanci idon mace biyu ake yi. Za ki zauna a bakin gadon tiyata ki sunkuya ki turo bayanki, mai ba da maganin kashe zafi ya yi miki allura a ƙasan gadon baya, cikin 'yan mintuna ƙafafunki su ɗauki ɗumi su yi nauyi har ki kasa ɗaga su. Za su gwada fatarki kafin su fara, kuma za a tare gabanki da ƙyalle don kada ki ga wurin. Ba za ki ji zafin yanka ba, amma za ki ji ana ja ana dannawa, kamar ana cuɗa ƙullu a cikin cikinki, musamman a daidai lokacin da za a zaro jaririn. Mata da yawa kan yi rawar sanyi, wasu kuma tashin zuciya saboda awon jininsu ya sauka, kuma ana da maganin hakan a kusa, ki dai buɗe baki ki faɗi duk abin da kika ji. Yankan a kwance yake a ƙasan mara, jariri kan fito cikin minti goma na farko, sauran lokacin duk na cire mabiyiya da ɗinki ne, gaba ɗaya kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, ko da yake irin naki yana iya zarce haka. Idan jini ya yi yawa suna iya sa ki barci a tsakiyar aikin, wannan ma yana cikin shirinsu.

Bayan awa biyu zuwa huɗu ƙafafu za su fara dawowa, ciwon ɗinki kuma ya biyo baya, don haka ki karɓi maganin ciwo a kan lokacinsa, ba sai ya ci ƙarfinki ba. Ki sa jariri a nono da zarar kin samu hali, kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na farko. Washegari akan cire robar fitsari a ce ki sauko ki taka. Mata suna jin haushinmu a wannan gaɓar, amma doguwar kwanciya ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tafiyar kuma tana tayar da hanji. Idan komai ya tafi daidai akan sallami mace a kwana na uku zuwa na biyar.

Ummu Sadiƙ ta amsa:

Sannu 'yar'uwa. An yi mini sau biyu, na farko na gaggawa bayan doguwar naƙuda, na biyu kuma da rana aka sa, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa, domin a na biyun na shiga da ƙarfina, na yi barci a daren, na san wa zai kwana da ni da wa zai riƙe yaran gida.

Abin da Anti Nas ba ta faɗa ba shi ne ƙananan dabarun da sai wadda ta kwanta a gadon ta san su. Kada ki yunƙura ki tashi zaune kai tsaye daga rigingine. Ki juya gefe tukuna, ki sauke ƙafafu ƙasa, sannan ki dogara da gwiwar hannu ki ɗago. Ki ajiye ƙaramin filo kusa da ke, duk lokacin da tari ko atishawa ko dariya za ta zo ki danna shi a kan ɗinkin da hannu biyu. Ki tafi da dogayen riguna masu faɗi, domin ƙullin zani da robar siket daidai kan ɗinkin suke sauka. Shayarwa a kwance ta gefe ta fi sauƙi a kwanakin farko, ko ki sa jaririn a ƙarƙashin hammatarki ƙafafunsa suna bayanki. Bayan gida na farko yana da wuya, ga shi maganin ƙarin jini yana ƙara taurin ciki, sai ki yawaita ruwa da miyar ganye da gwanda. Idan masan gidanku na tsuguno ne, a nemo miki kujera mai rami tun yanzu. Jinin biƙi kuwa zai zo kamar na kowace haihuwa, yana iya kai mako shida, kada ki ɗauka an wanke shi a tiyata.

Inda na fi so ki shirya shi ne ranar suna, domin kwana bakwai yana zuwa ne kwana biyu zuwa huɗu kacal bayan sallama. Za a so ki yi kwalliya ki sauya kaya sau uku, ki riƙa tashi kina durƙusa wa kowace gwaggo, alhali fatar waje ce kawai ta fara haɗewa, na cikin yana buƙatar mako shida ko fiye. A ganina a raɗa suna da safe a yanka rago, taron mata kuma a kai shi bayan arba'in, ko ki zauna wuri ɗaya duk mai zuwa barka ta same ki a nan. A cikin makonnin nan shida kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi, wato babu jan ruwa a rijiya, babu daka, babu goyon yayansa komai kukansa. Za ki kuma ji masu cewa raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta, wani lokacin daga bakin dangin miji. Ke da kika haifi biyu da kanki ba ki da abin da za ki tabbatar wa kowa.

Hajiya Iya daga Maraɗi ta amsa:

Ɗiyata, ni sa'ar mahaifiyarki ce, kuma na yi wa ɗiyana mata wankan jego, har da wadda aka yi wa aiki. Kada ku ɗauki tsohuwar nan a matsayin abokiyar gaba, domin itacen da ta tara shi ne kulawar da ta gada, kuma jego yana da alheri babba: mace ta huta kwana arba'in, a dafa mata, a riƙe mata jariri. Wannan hutun shi ne ainihin abin da mai ɗinki take buƙata. Abin da za a sauya shi ne yadda ake wankan. Tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganyen dogon yaro ba ya zuwa kusa da ciki mai ɗinki, balle fatar wurin takan yi dundum ta daina jin zafi sosai, har mace ta ƙone ba ta sani ba. Babu danna ciki, babu kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki ya isa, bayan ma'aikata sun ce an iya jiƙa wurin, a tsane shi da tsumma mai tsabta, kada a shafa masa man kaɗanya ko wani garin magani.

Shawarata ki tafi da ita awo na gaba, ki roƙi babbar ungozoma ta yi mata bayani da bakinta, domin abin da za ta ƙi ji daga ɗiyar da ta haifa za ta karɓe shi daga mai farar riga. A nan Nijar gwamnati ta mayar da aikin haihuwa kyauta tun 2005, amma ko da haka mukan riƙe kuɗin mota da na wasu magunguna a hannu.

Baban Yara ya amsa:

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Saƙona na maigidanki ne, domin an yi wa iyalina irin wannan aikin. Ya nemi masu ba da jini tun yanzu cikin 'yan'uwa da abokai, mutum uku ko huɗu, a gwada su a ajiye jinin kafin ranar, kada sai kina kan gado ya fara buga waya. Ya samu mai mota ko mai adaidaita da zai amsa kira da tsakar dare, kuma idan zai yi tafiya ya bar izini a sarari cewa duk wanda ke gida ya kai ki asibiti ba tare da an jira shi ba. A yawancin asibitocin gwamnati ba a barin miji ya shiga ɗakin tiyata, a bakin ƙofa zai tsaya har a fito da jariri ya yi masa huɗuba. Game da kuɗi, a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarsa, sai dai ba kowane asibiti ne ke cikin tsarin ba, don haka ya tambaya a ofishin asibitinku, ya kuma karɓi jerin kayan da za a saya a rubuce.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tafi da Inna awon mako mai zuwa kamar yadda Hajiya ta ce. Anti Nas, saura batun kunun kanwa da ɗaure ciki, sannan gaskiya ne allurar baya tana bar wa mace ciwon baya har abada, kuma wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba ta sake haihuwa da kanta?

Anti Nas ta sake amsawa:

Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jegon da ke shan ta da yawa tare da gasa jiki. Inna ta dama miki kunun gyaɗa ko na tsamiya, ki sha ki ƙoshi. Bel mai laushi na ɗaure ciki yana taimaka wa wasu wajen tafiya, amma kada a tamke shi a kan ɗanyen ɗinki. Wurin allurar yakan yi tsami na 'yan kwanaki, ciwon baya mai daɗewa kuwa ya fi zuwa daga nauyin ciki da sunkuyon shayarwa. Abin da allurar kan jawo wa wasu ƙalilan shi ne ciwon kai mai tsananta idan an zauna, ya lafa idan an kwanta, kuma shi ma a gaya wa likita.

Bayan sallama ki koma asibiti da gaggawa idan kika ga zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, ko jini yana cika audugar mata cikin awa ɗaya ko yana wari, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yi miki wuya, ko kai yana sara ido yana ganin dishi-dishi. Haihuwa da kai bayan aiki ɗaya tana yiwuwa, kusan uku cikin huɗu na waɗanda likita ya ba damar gwadawa suna yin nasara, tunda zaman mabiyiya a ƙasa ba lallai ya maimaita ba. Sharaɗin shi ne ki ba mahaifa hutun wata 18 zuwa shekara biyu kafin wani cikin, ki zaɓi hanyar tazarar haihuwa tun kafin arba'in, kuma duk naƙudar da za ki yi nan gaba ta kasance a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye. Kafin a sallame ki, ki roƙi likita ta rubuta miki a kati irin yankan da aka yi wa mahaifar kanta, domin shi za a duba a ciki na gaba.