Musayar waƙa a kan Kiretiyan na Turuwa

Malam Habu: Salamu alaikum. Yau sai Kiretiyan, mawaƙin Faransa na ƙarni na 12, wanda ya mai da labaran baraden Sarki Arta waƙoƙin soyayya. Amsa-amonmu "ya".

Turuwa ta ƙasar Shamfan garinsa,
Gwani ne wajen sarrafa tatsuniya.
Gimbiya Mari ta ba shi jigo,
Ya tsara waƙar barde Lansilo da sarauniya.
Gaɓa takwas ce a kowane ɗango,
Biyu-biyu suke, amonsu ɗaya.

Hajiya Ladi:

Malam, tun da ka kira Lansilo,
Nan ne hankalina ya tsaya.
An sace matar Arta, ya bi sawu,
Dokinsa ya mutu a tsakar hanya.
Ga amalanken ɗaukar masu laifi,
Duk barden da ya hau ya sha kunya.
Taku biyu rak ya yi jinkiri,
Sannan ya hau saboda soyayya.
Da ya ceto ta, ta kau da fuska,
Taku biyun nan na ci mata zuciya.

Sani:

Hajiya, a gafarce ni, ina da ja,
Matar wani ce fa, mu faɗi gaskiya.
Kiretiyan ma bai kai ta ƙarshe ba,
Wani mawaƙi, Godfuruwa, ya bar wa sauran tafiya.
Ni Iben mai zaki nake ƙauna,
Ya ce da matarsa Lodin, zai dawo a shekara ɗaya.
Gasar mashi ta ɗauke hankalinsa,
Wa'adi ya wuce ba waiwaya.
Ta aiko aka karɓe zobenta,
Ya haukace a daji, ba kariya.
Sai da ya yi ta ceton raunana
Kafin Lodin ta yarda su shirya.

Malam Habu: Madalla, Sani. Ga waƙarsa ta ƙarshe, ta barde Farsibal, wadda ya yi wa Filif mai mulkin ƙasar Fulanda, wanda ya rasu a birnin Akka a 1191. Ita ma bai kammala ta ba, mawaƙi Wolfaram na Jamus ya sake rera ta.

Farsibal ya ga mashi na ɗigar jini,
Ga budurwa da akushin zinariya.
An hore shi kada ya cika surutu,
Sai ya haɗiye tambaya.
Da ya buɗe baki a daren nan,
Da sarki mai rauni ya sami lafiya.

Hajiya Ladi:

Ku koma waƙarsa ta fari, wajen 1170,
Ku ga Enid, matar kirki, haziƙiya.
Mijinta Erek ya hana ta ta yi masa magana,
Ta hango 'yan fashi a kan hanya.
Ta karya doka, ta yi masa gargaɗi,
Ta gwammace fushinsa da zaman takaba da kewa gaba ɗaya.