Tsakanin mutum da na'ura, wa ya fi saurin motsi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Me ya sa na'ura take riga mutum mayar da martani, alhali mun fi ta fahimta?

Amsa ta ɗaya: Wa'alaikumus salam. Saƙon jijiya ba ya wuce kimanin mita 120 a daƙiƙa, saƙon lantarki kuwa gudunsa ya kusa na haske, ga shi kuma mutum yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya motsa bayan ya ga abu.

Amsa ta biyu: Haka ne, Malam. A tseren mita 100 ma, wanda ya zabura kafin daƙiƙa 0.1 da tashin bindigar fara tsere ana hukunta shi, domin ana ɗauka hasashe ya yi.

Amsa ta uku: Abin da ya fi damuna shi ne tuƙi, domin mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, wato kafin direba ya mayar da martani, motar ta riga ta yi gaba.